Yadda kyamara ta sayar da tsibirin Bali: Tarihin 'yan goyon jaka da hawan igiyar ruwa

A CIKIN hunturun shekarar 1966, wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 28 mai suna Bruce Brown ya ɗauki fim ɗin sa ya nufi garin Wichita da ke jihar Kansas, can tsakiyar Amurka. Kafin nan ya zagaya manyan dillalan finafinai, duk sun juya masa baya. Hujjar su ita ce fim ɗin ba soyayya, ba faɗa, ba sanannen jarumi ko ɗaya, samari biyu ne kurum su ke ta hawan igiyar ruwan teku daga farko har ƙarshe. Su ka ce in ba mazauna bakin teku ba, babu mai ɓata kuɗin sa a kai. Sai Brown ya yanke shawarar kai shi inda ba a san teku ba sam. Ya kama hayar sinima ta mako biyu a Wichita, ana zuba ƙanƙara, amma jama'a su ka yi ta bin layi a cikin sanyin nan, sinimar ta riƙa cika maƙil. Daga nan ya wuce birnin New York, inda fim ɗin ya yi kusan shekara ana nuna shi a sinima ɗaya. Abin da aka kashe wa dala 50,000 ya tashi da sama da dala miliyan 20.

Sunan fim ɗin 'The Endless Summer', wato bazarar da ba ta ƙarewa. Ribar da Brown ya ci ta sa ce, ni abin da ya ja hankali na shi ne abin da fim ɗin ya haifar. A yau in ka leƙa intanet za ka ga dubban matasa, maza da mata, daga Turai da Ostareliya da Jafan da Indiya, kowa da jakar goyon sa, shi kaɗai ba abokin tafiya, ya tara 'yan kuɗin sa ya tafi wani tsibiri mai zafi don ya koyi hawan igiyar ruwa. Tsibirin da ya fi suna a wannan harka shi ne Bali na ƙasar Indonesiya. Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo ba. In ka bi sawun ta, a kowace kwana za ka tarar mai kyamara ko marubuci ne ya share hanyar. Mu da mu ke sha'awar fim da littattafai ya kamata mu san wannan tarihi, domin ya na nuna abin da hoto ke iya yi wa gari da mutanen cikin sa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda wasan ya ke. Iska mai ƙarfi kan kaɗa a tsakiyar teku ta tayar da raƙuman ruwa, su yi tafiyar dubban kilomitoci. Idan su ka iso kusa da gaɓa, inda ruwa ba zurfi, sai gindin su ya rage gudu, saman ya miƙe ya kifo gaba. Mai wasan zai kwanta ruf da ciki a kan dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwan sa har igiyar ta ɗauke shi, sannan ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya bi gefen ta ya na sulalawa kafin ta fashe. Sau da yawa daƙiƙa goma ko ashirin ne kacal. A kan waɗannan 'yan daƙiƙoƙin ne mutum ke ajiye aikin sa ya ƙetare duniya.

Wasan sarakunan Hawayi

Mutanen tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik su ne su ka kai wannan wasa matuƙa, tun ɗaruruwan shekaru kafin su ga Bature. Sarki na yi, talaka na yi, mata na yi, yara na yi. To amma ko a cikin ruwa akwai sarauta. Sarakuna ke hawa dogon allon da ake kira 'olo', wanda kan kai mita 5, shi kuwa talaka gajere ne nasa, mai suna 'alaia'. Ana caca a kan wasan, maroƙa na waƙe gwanaye. A 1779 Laftanar James King, ɗaya daga cikin mataimakan matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, Kyaftin Cook, ya rubuta bayanin abin da ya gani, cike da mamaki.

Zuwan baƙi bai zame wa mutanen Hawayi alheri ba. A 1820 'yan mishan daga Amurka su ka iso, su ka ƙyamaci wasan saboda tsiraici da caca da cuɗanyar maza da mata. Abin da ya fi wannan muni shi ne cututtukan da baƙin su ka shigo da su, irin su ƙyanda da agana. Al'ummar da ta kai dubban ɗaruruwa a zamanin Cook, a 1896 ba ta wuce mutum 40,000 ba. A 1893 attajirai fararen fata masu gonakin rake su ka tuɓe Sarauniya Liliuokalani, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Wasan bai mutu ba, amma masu yin sa sun ragu ƙwarai.

Abin mamaki, waɗanda su ka karɓe ƙasar su ne su ka dawo su ka ga ashe wasan zai yi kasuwa. Su na son jawo baƙi masu kuɗi zuwa otal-otal ɗin gaɓar Waikiki, kuma babu tallar da ta kai hoton mutum a tsaye a kan ruwa. A 1906 wani mai ɗaukar hoto na kamfanin Edison ya ɗauki masu hawan igiya a Waikiki da kyamarar majigi. A 1907 shahararren marubucin ƙagaggun labarai Jack London ya zo, aka koya masa, rana ta ƙone masa fata har ya kwanta jinya, ya rubuta labarin a mujalla, Amurkawa su ka karanta. Sai kuma Duke Kahanamoku, ɗan asalin Hawayi da ya ci lambar zinare ta ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912. A Disambar 1914 ya nuna wasan a gaɓar Freshwater da ke birnin Sidni na Ostareliya, abin da ya cusa wa matasan ƙasar son sa. Duke ya ɗan taɓa fim a Hollywood, sai dai bai wuce ƙananan rol ba, na sarkin ƙauye ko makamancin haka.

Daga littafi zuwa majigi

Har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu wasan a Kalifoniya 'yan tsiraru ne, kowa ya san kowa. Littafi ɗaya ne ya ɓata masu wannan zaman. A 1957 wani marubucin labarin fim mai suna Frederick Kohner ya buga ƙagaggen labari mai suna 'Gidget', wanda ya gina a kan rayuwar 'yar sa Kathy, budurwar da ta nace sai ta koyi hawan igiya a cikin samarin gaɓar Malibu. A 1959 kamfanin Columbia ya maida shi fim, Sandra Dee ta fito a matsayin yarinyar. A daidai lokacin kuma aka fara ƙera allo da wani irin soso mai tauri marar nauyi, maimakon katako. Kafin ka ce kwabo, gaɓar teku ta cika ta batse, har ana faɗa a kan igiya.

Wannan cunkoso ne ya haifi fim ɗin Bruce Brown. A ƙarshen 1963 ya ɗauki samari biyu, Mike Hynson da Robert August, da kyamarar sa mai fim ɗan milimita 16, su ka fita neman igiyar da ba kowa a kan ta. Asali Afrika ta Kudu ya nufa, sai mai sayar da tikiti ya nuna masa cewa tikitin zagaya duniya ya fi arha. Da haka su ka sauka a Dakar ta Sanagal, su ka wuce Akra ta Gana, su ka yada zango a Legas, sannan Afrika ta Kudu, Ostareliya, New Zealand, Tahiti, su ka ƙare a Hawayi.

A matsayi na na mai sharhin fim, dole in faɗi abu biyu game da shi. Na farko, ɓangaren Afrika ta Yamma cike ya ke da raini. Brown, wanda shi ne mai ba da labari a bayan fage, ya riƙa barkwanci da masunta da yaran Gana, ya na nuna kamar samarin sa ne su ka kawo masu wasan. Alhali masanin tarihi Kevin Dawson ya nuna cewa tun a 1834 wani Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yaran Akra su na hawa igiya a kan 'yan alluna, kuma akwai bayani makamancin wannan daga gaɓar Gana tun shekarun 1640. Na biyu, fitowar da ta fi kowace suna a fim ɗin, inda samarin su ka ratsa tuddan yashi su ka yi kiciɓis da igiya marar aibu a Cape St. Francis, an yi mata kwaskwarima. Brown ya nuna kamar kusan kullum haka igiyar ta ke, alhali sa'a ce su ka taka a ranar. Duk da haka jama'a su ka yi ta tururuwa can, aka gina gidaje a kan tuddan, yashin da ke gyara igiyar ya daina isa teku. Da Brown ya koma don kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 1994, gidaje ya tarar rututu.

Saƙon da matasa su ka ɗauka daga fim ɗin ɗaya ne: da allon ka da ɗan guzirin ka, akwai wata aljannar duniya da ke jiran ka a wani wuri. Saura a gano inda ta ke.

Bali kafin zuwan allo

Bali ƙaramin tsibiri ne a gabas da Jawa. Indonesiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, amma mafi yawan mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne. A al'adar su, wajen duwatsu shi ne wajen tsarki, wajen teku kuwa na ƙazanta da miyagun iskoki. Saboda haka ƙasar bakin teku ba ta da wata daraja, talakawa da masunta aka bar wa.

Tun kafin zuwan masu allo, kyamara ta riga ta fara tallar Bali. A 1906 sojojin Holan su ka ci masarautar Badung. Sarki da iyalin sa da fadawan sa su ka sa fararen kaya su ka tunkari bindiga da ƙafa, aka kashe ɗaruruwa. Labarin ya zubar wa Holan da mutunci a Turai, don haka ta koma nuna tsibirin a matsayin wurin zaman lafiya da raye-raye. A 1924 kamfanin jiragen ruwan ta ya fara jigilar 'yan yawon buɗe ido. Finafinai irin su 'Goona-Goona' na 1932 da 'Legong' na 1935 su ka yi kasuwa a Amurka, galibi saboda hotunan matan tsibirin da ba su rufe ƙirji. Hatta Charlie Chaplin sai da ya je ya gani da idon sa a 1932.

A 1936 wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Bob Koke, wanda ya taɓa aiki a Hollywood kuma ya koyi hawan igiya a Hawayi, ya iso tare da Louise Garrett. Su ka ga doguwar gaɓa mai yashi a wani ƙauyen masunta mai suna Kuta, su ka gina bukkoki su ka kira su Kuta Beach Hotel. Koke ne ake ɗauka a matsayin wanda ya fara hawan igiya da allo a Bali, har ya koya wa ma'aikatan sa. Yaƙi ya katse abin, sojojin Jafan su ka mamaye tsibirin a 1942.

Bayan 'yancin kai ma Bali ba ta huta ba. A 1963 dutsen Agung ya yi aman wuta, ya kashe sama da mutum 1,000, ya lalata gonaki. Tsakanin 1965 da 1966 aka yi kisan gillar waɗanda ake zargi da kwaminisanci a duk faɗin Indonesiya, kuma an ƙiyasta cewa a Bali kaɗai an kashe kimanin mutum 80,000. Gwamnatin Janar Suharto da ta biyo baya ta na neman kuɗin waje ido rufe, sai ta buɗe filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Ngurah Rai a 1969, dab da Kuta. Ka riƙe wannan, mai karatu: aljannar da matasan Turawa su ka ce sun gano, shekara biyar kacal ke tsakanin ta da manyan kaburbura.

Fim ɗin da ya tona asirin Uluwatu

A 1971 wasu 'yan Ostareliya biyu, Albert Falzon da David Elfick, waɗanda ke cikin masu buga mujallar 'Tracks' ta masu hawan igiya, su ka zo Bali ɗaukar fim. Bayan sun yi kwanaki a Kuta, sai su ka gangara can ƙarshen kudancin tsibirin, wani busasshen yanki mai duwatsu da ake kira Bukit. A can akwai tsohon wurin bauta na Uluwatu, a kan gaɓar dutse mai tsawon kusan mita 70. A ƙarƙashin sa igiyoyi ne ke jerowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a isa gare su sai an bi ta cikin wani kogo. Wani Ba'amurke, Rusty Miller, da wani yaro ɗan Ostareliya da bai wuce shekara 15 ba, Stephen Cooney, su ka shiga ruwan, Falzon na ɗauka.

Fim ɗin, 'Morning of the Earth', ya fito a 1972. Babu mai ba da labari a cikin sa, kiɗa ne da hoto zalla, ko sunan wuraren ba a faɗa ba. Ta fuskar fasaha fim ne mai kyau, har yau in ka kalle shi sai ka ji kamar ka na mafarki. Sai dai ɓoye sunan bai hana komai ba. Zancen duniya ba ya ɓuya, kuma daga Ostareliya zuwa Bali tafiyar 'yan awoyi ce a jirgi. Cikin 'yan shekaru samari su ka fara kwararowa.

Mutanen Bukit, waɗanda noman su ba ya ciyar da su saboda rashin ruwa, su ka ga hanyar abinci ta buɗe. Yara su ka riƙa ɗaukar wa baƙi allo a ka, su bi da su ta cikin gonaki har bakin kogon, a ba su lada. Mata su ka kafa rumfunan abinci da ake kira 'warung' a jikin dutsen, inda baƙo zai ci shinkafa, ya bar ajiyar kayan sa, wani lokacin ma ya kwana. A Kuta kuwa, yaran gari su ka fara aron allunan baƙi ko su tsinci karyayyu su gyara. Waɗanda iyayen su ke tsoron teku su ne su ka zama gwanaye na farko na tsibirin.

'Yan goyon jaka

A daidai wannan lokaci wata hanyar ta biyu ta iso Kuta ta ƙasa. Matasan Turai masu gudun rayuwar ofis su na bin motocin haya da jiragen ƙasa daga Landan, su ratsa Turkiyya da Iran da Afganistan da Indiya. Har ana cewa zangon su uku ne masu farawa da harafin K: Kabul, Katmandu, Kuta. A 1972 wasu sababbin ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, su ka bi wannan hanya, su ka isa Sidni da santi 27 kacal a aljihu. Da tambayar yadda su ka yi ta ishe su, sai su ka zauna a teburin kicin su ka rubuta ɗan littafi, 'Across Asia on the Cheap', a 1973. A 1975 su ka fitar da na biyu a kan kudu maso gabashin Asiya. Asalin kamfanin Lonely Planet kenan.

Waɗannan littattafai su ne su ka sa tafiyar mutum ɗaya ta yiwu. A da sai ka na da kuɗin otal da ɗan rakiya. Yanzu littafi ya gaya maka motar da za ka hau, gidan da za ka kwana, da abin da za ka biya. A Kuta iyalai su ka riƙa ƙara ɗakuna a tsakar gida su na ba da haya, abin da ake kira 'losmen': gado, gidan sauro, shayi da ayaba da safe. Wanda ya zo shi kaɗai, kafin dare ya yi abokai.

Harkar ba ta rasa haɗari ba. Da Bali ta fara cika, masu zafin nema su ka ƙara gaba. A 1975 wasu samari 'yan Ostareliya, Kevin Lovett da John Giesel, tare da tsohon matafiyi Peter Troy, su ka isa gaɓar Lagundri a tsibirin Nias, yamma da Sumatra, su ka sami igiyar da ake sa wa cikin mafiya kyau a duniya. Zazzaɓin cizon sauro ya kama Giesel, bayan 'yan watanni ya rasu a kan hanyar sa ta zuwa Turai. Ita ma Lagundri hotuna su ka tona ta, bukkokin haya su ka cika gaɓar.

Abin da ya sa Kuta ta zama makarantar 'yan koyo a fili ya ke. Ƙasan ruwan ta yashi ne, ba kaifafan duwatsu irin na Uluwatu ba, ruwan kuma da ɗumi duk shekara. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska na busowa daga tudu zuwa teku, ta na gyara fuskar igiya. Ɗan koyo kan kama hayar babban allo mai laushi, a ɗaura masa igiyar allon a ƙafa, a fara koya masa miƙewa a kan yashi. Sannan malamin ya shiga da shi ruwa iya ƙugu, ya tura shi cikin kumfar igiyar da ta riga ta fashe. Da yawa kan tsaya a ranar farko, amma kama igiya da kan ka sai an yi watanni ana shan ruwan gishiri. Babban abin tsoro shi ne jan ruwa, wanda kan fizgi mutum ya yi cikin teku da shi. Wanda ya yi kokawa da shi gajiya zai yi, dabarar ita ce a yi iyo a gicciye har a fita daga bakin sa. Malaman nan kuwa, da yawan su 'yan ci-rani ne daga Jawa da Sumatra da Lombok, su na wuni a rana don abin da baƙon zai kashe a cin abincin dare ɗaya.

Riba da asara

Babu mai musun cewa kuɗi sun shiga Bali. 'Ya'yan masu ɗaukar allo sun yi makaranta, wasu sun mallaki otal da shaguna. To amma tsibirin ya jingina rayuwar sa a kan baƙo, shi kuwa baƙo raɓa ne. A daren 12 ga Oktoba, 2002, 'yan ƙungiyar Jemaah Islamiyah su ka tayar da bama-bamai a wuraren shaƙatawa biyu a Kuta. Mutum 202 su ka mutu, 88 'yan Ostareliya, 38 'yan Indonesiya. Otal-otal su ka koma kango, dubban ma'aikata su ka rasa abin yi.

A nan ma littafi da fim sun taka rawa wajen cika tsibirin fiye da da. Littafin Elizabeth Gilbert, 'Eat, Pray, Love', na 2006, labarin wata mata ce da auren ta ya mutu ta fita yawon duniya ita kaɗai, ta ƙare a Bali. A 2010 Julia Roberts ta fito a fim ɗin sa. Daga nan mata masu tafiya su kaɗai su ka ƙaru sosai, sannan Instagram ya zo ya maida kowane baƙo mai kyamara. A 2019 baƙi 'yan ƙasar waje sama da miliyan 6 su ka shiga tsibirin da mazaunan sa ba su wuce miliyan 4.3 ba. Gonakin shinkafar Canggu, inda 'yan koyo su ka koma bayan Kuta ta cushe, su ka zama gidajen haya da shagunan kofi. A ƙarshen 2017 hukuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan shara, saboda tulin leda da robobin da teku ke amayarwa a gaɓar Kuta duk damina.

Sai annobar korona ta zo ta nuna wa kowa iyakar sa. A 2020 tattalin arzikin Bali ya ragu da sama da kashi 9 cikin ɗari, fiye da na kowane lardi a ƙasar. A duk shekarar 2021, baƙin da su ka sauka kai-tsaye daga waje ba su kai 100 ba. Malaman hawan igiya da direbobi su ka koma su da noman ciyawar teku. Da baƙi su ka dawo, gwamnatin lardin ta sa masu harajin rufiya 150,000, kimanin dala 10, daga Fabrairun 2024. A Yulin 2025 kuma hukuma ta rushe gine-gine sama da 40 a gaɓar Bingin, kusa da Uluwatu, bisa hujjar cewa a kan filin gwamnati su ke ba da izini ba. Wasun su sun samo asali ne daga rumfunan da iyalan yankin su ka kafa wa masu allo na farko.

In ka jera abin, za ka ga tsari ɗaya ne ke maimaita kan sa daga Waikiki zuwa Cape St. Francis, daga Kuta zuwa Nias. Mai kyamara ya zo ya ɗauki wuri ba kowa. Ɗan goyon jaka ya gani ya biyo, ya na ganin shi ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, tunda a gidan talaka ya ke kwana, abincin talaka ya ke ci. Da gaskiyar sa ta wani ɓangaren, domin kuɗin sa hannun talaka su ke shiga kai-tsaye. Sai dai shi ne ke nuna wa mai jari inda kasuwa ta ke. Da ƙasa ta yi daraja, sai manya su zo da takardu, mai rumfa ya koma ma'aikaci a inda ya ke da iko a da. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka akwai abin da ya dawo hannun masu shi. Da aka sa wasan a Olamfik karo na farko, a gasar Tokyo da aka yi a 2021, Carissa Moore, wadda ke da jinin 'yan asalin Hawayi, ita ta ci zinaren mata, sama da shekara ɗari bayan zinaren Duke na farko. Na maza kuwa Italo Ferreira na Brazil ne ya ci, ɗan mai sayar da kifi, wanda ya koyi wasan a kan murfin akwatin ƙanƙarar mahaifin sa. A gasar ce kuma Rio Waida, wanda ya tashi a Bali, ya riƙe tutar Indonesiya a bikin buɗewa, kuma a 2023 ya zama ɗan ƙasar na farko da ya shiga jerin manyan ƙwararrun duniya.

Duk wanda ya sami dama ya nemi 'Morning of the Earth' ya kalla. In an zo wurin Uluwatu, kowa idon sa na kan samarin nan biyu da allunan su. Ni shawara ta ita ce ka dubi gefen hoton, za ka ga masuntan yankin su na kallon baƙin. Fim ɗin bai tambaye su komai ba, kuma su da 'ya'yan su da jikokin su ne su ka zauna da abin da ya biyo baya. Duk mai riƙe da kyamara, ko a ina ya ke ɗaukar fim ɗin sa, ya kamata ya tuna da su kafin ya ce a fara ɗauka.